Bargo ko buhun barci: gardamar wa da ƙane a Matamaye

Bahaushe ya raba ɗari da sanyi, kuma ba a banza ya raba su ba. Sanyi na damina ne, mai laima, wanda ke shiga ɗaki ya kwanta a tabarma. Ɗari kuwa na hunturu ne, busasshe, yana tafe da jaura daga gabas maso arewa tun ƙarshen watan Nuwamba har cikin Fabrairu, ya fasa leɓe, ya tsage dunduniya, ya buɗe wa mai sayar da man shafawa kasuwa. A Matamaye da sauran garuruwan ƙasar Kance ɗarin nan abin wahala ne, amma bai kai abin tsoro ba. A watan Janairu ma'aunin zafi a wannan yanki na Damagaram yakan sauka wajen digiri 14 ko 15 da asuba, wani dare ya yi ƙasa da haka, musamman a bakin koramu inda ake noman rake. Bargo guda da ƙofa a rufe sun ishi mutum ya kai safiya.

Sai dai mutanen ƙasar nan ba mazauna wuri ɗaya ba ne. Wanda bai nufi kudu ta Ɗan Barto zuwa Daura da Kano ba, to ya nufi arewa: Takeita, Damagaram, Tanut, har Agadas, wadda ke da nisan kimanin kilomita 450 daga Damagaram. Daga can wasu su yi Arlit, wasu su ratsa Tenere zuwa Dirku da Bilma, kuma tun da aka gano zinariya a Jado a shekarar 2014 samari da yawa sun san wannan hanya. Haka ma ma'aikatan gwamnati, malaman lakwal da ma'aikatan likita da ƴan duwan, ba su ke zaɓar inda za a tura su ba. A can dare wani abu ne dabam. Iskar hamada ba ta da laima, sararin sama ba gajimare, saboda haka zafin da rairayi ya sha da rana yakan tsere gaba ɗaya da faɗuwarta. A Bilma asubahin Janairu yakan kasa digiri 10, wani dare ya kusanci sifiri, a bisa duwatsun Abzin kuwa, inda Bagzan ya haura mita 2000, ruwa yakan daskare. Wanda ya kwana a fili a irin wannan dare da mayafin da bai isa ba, in ya yi sa'a ya tashi da mura. In bai yi sa'a ba, ciwon haƙarƙari ya kama shi a inda likita ke da nisan kwana biyu.

Abin da kakanni suka tanada domin haka sananne ne: gwado da luru na masaƙan gida, sakala mai gashi, buzun rago a ƙasa, wuta a gefe. Daga baya bargon kanti ya shigo ya ture su. To a ƴan shekarun nan an sami baƙo a cikin dilolin gwanjo, wanda Faransawa ke kira sac de couchage, wato buhun barci. Shekara da shekaru gwanjo ya yi ta sauka a tashoshin jiragen ruwa na Kwatano da Lome yana haurowa Nijar, wani ya tsaya a kasuwanninta, wani ya tsallaka Najeriya ta bayan fage, tunda can an hana shigo da shi. Bayan da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairun 1994, ma'aikatan da a da ke wucewa ta gaban ƴan gwanjo suna kau da kai suka koyi tsugunawa a gaban dila kamar kowa. A cikin irin waɗannan diloli, tsakanin rigunan sanyi da labule, ake tsintar buhun nan jefi-jefi, kuma sau da yawa mai sayarwa bai san darajar abin da ke hannunsa ba.

A kan irin wannan buhu ne wasu ƴan'uwa biyu na Matamaye suka yi gardamar da ba ta mutu ba har yau. Ƙanen malamin lakwal ne da aka tura Kawar, ya zo gida hutun ƙarshen Disamba, zai koma cikin tsakiyar ɗari a bisa babbar mota. Wan ɗan kasuwa ne, ya shekara ashirin yana kai hatsi da kayan miya arewa yana saukowa da dabino da kanwa. Ranar kasuwa suka je tare neman wa malamin abin rufa. Alhajin ya riga ya ɗora hannu a kan wani bargo mai kauri, irin wanda yaro ba ya iya ɗauka shi kaɗai, sai ƙanen ya hango buhun rataye, ja, ya yamutse, ya roƙi a sauko masa da shi.

Alhajin ya karɓa ya jinjina a hannu ɗaya, ya yi dariya. "Mushe, wannan ai bai kai nauyin kaza ba. Da shi za ka tari ɗarin Tenere?"

"Yaya, kazar ma da me take tararsa?"

Amsar ta fi ƙarfin wasa, domin a cikinta ne dukan maganar take. Ɗan kasuwar ƙasar Hausa ya saba auna nagarta da nauyi, kuma a yawancin kaya yana da gaskiya: shadda mai nauyi ta fi marar nauyi, haka tukunya, haka buhun gero. A wajen abin rufa ne kaɗai wannan ma'auni ke yaudara. Bargo ba ya haifar da ɗumi, buhun barci ma haka. Jikin mutum ne murhun, aikin mayafi kawai ya tsare iskar da jiki ya ɗumama kada ta gudu. Duk abin da ya fi iya kama iska ya riƙe ta cik, shi ya fi ɗumi, ko da nauyinsa bai taka kara ya karya ba. Wanda ya taɓa cusa hannu cikin buhun audugar rimi ya san haka, kuma Turawa ma sun yi amfani da audugar rimi a kayan barci da rigunan ceto na cikin ruwa kafin zaren roba ya yawaita. Amma babu abin da ya kama ƙafar lallausan gashin da ke kwance a ƙirjin agwagwa da dinya, ƙarƙashin gashin waje. Shi Faransawa ke kira duvet. Ba shi da tsinke a tsakiya, wani ɗan curi ne mai silili da yawa da ke bazuwa ta kowane gefe. Masu sana'ar suna auna shi da yawan filin da yake cikawa: a kan buhu mai kyau za a ga lamba kamar 600 ko 700 ko 800, biye da kalmar cuin. Ma'anar 700 ita ce giram 28 na gashin yana kumbura ya cika kusan lita 11 da rabi, wato dab da rabin jarka mai lita 25. Shi ya sa buhun da nauyinsa bai wuce kilo guda ba yakan riƙe mutum a daren da bargo mai kilo uku ko huɗu zai bar shi yana makyarkyata, sa'an nan da safe a cusa shi a jakar da ba ta fi tulun yara girma ba.

Ga wanda zai hau bisa kaya a babbar mota, inda kowane ƙunshi ake yi masa kuɗi kuma mutum da abin da ya iya rungumewa yake kwana, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Malamin bai tsaya a kan dariyar wansa ba. Ya kakkaɓe buhun ya shimfiɗa shi a bisa tabarmar mai gwanjo, ya ce a ba shi lokacin shan shayi guda. Dabara ce mai kyau, domin gashin da ya daɗe matse cikin dila yana bukatar lokaci kafin ya nuna halinsa. Mai rai yakan taso a hankali kamar ƙullin da ya sha yisti, wanda ya mutu kuwa ya zauna shafal, kuma ba abin da zai tashe shi. Bayan haka ya ɗaga shi ya fuskanci rana. An ɗinke buhun ne gida-gida domin kada gashin ya taru wuri ɗaya, kuma hasken rana yana tona asirin kowane gida: inda ya yi duhu akwai gashi, inda haske ya ratsa fayau babu kome, kuma ta nan ɗari zai shiga. Gida ɗaya ko biyu a wajen ƙafa abin haƙuri ne. A ƙirji ko a kafaɗa, a mayar wa mai kaya kayansa. Ya kuma mutsuttsuka shi tsakanin yatsu yana neman tsinkaye, domin akan gauraya lallausan gashin da ƙananan gashin waje, kuma takardar da ke ɗinke a ciki takan faɗi rabon: 90/10 ya fi 80/20, abin da ya kai 50/50 kuwa matashin kai ne aka yi wa suna. Da yawa daga buhunan gwanjo ma ba gashi ba ne sam, audugar roba ce, wadda ta fi nauyi, ta fi cin wuri, ta kuma fi saurin mutuwa, ko da yake ba ta tsoron jiƙa. Ya sansana, domin warin ruma alama ce ta cewa an ajiye shi a jiƙe. Ya ja zif sama da ƙasa sau uku.

Daga nan sai lambobin da ke jikin takardar, kuma a nan ne mai ɗan karatu ya fi marar karatu shiga haɗari, domin shi ne zai karanta ya gaskata. Tun cikin shekarun 2000 ƙasashen Turai suka tsayar da ƙa'ida guda ta gwajin buhunan barci, mai lamba EN 13537, wadda ISO 23537 ta maye gurbinta a 2016. Ana saka mutum-mutumi mai ɗumi cikin buhun a ɗaki mai sanyi, a auna zafin da ke fita, a fitar da lambobi uku. Ta farko, confort, ita ce inda mace za ta yi barci a sake. Ta biyu, limite, inda namiji zai yi barci a dunƙule. Ta uku, extrême, ba ta barci ba ce ko kaɗan: ita ce iyakar da ake sa ran mutum zai kai sa'o'i shida bai mutu ba, amma yana karkarwa, kuma yana iya cutuwa. Abin takaici, wannan ta uku ce ta fi ɗaukar ido, ita ce kuma mai talla ke nunawa da yatsa. Buhun da malamin ya samu an rubuta masa 2 a sama, da 4 ƙasa da sifiri a tsakiya, da 20 ƙasa da sifiri a ƙarshe. Mai gwanjo da ya ji an karanta ta ƙarshen sai ya ce ai wannan ko a ƙanƙara aka kwana da shi sai an yi gumi, ya fara tunanin ƙara kuɗi. Lambar farko ce kaɗai ta shafi mai saye. Ita ma sai an yi mata ragi, domin buhun ya tsufa, kuma gwajin an yi shi ne da zaton mutum yana kwance bisa shimfiɗa mai tsare sanyi, sanye da tufafin ciki. Mutumin da ya tashi a ƙasar zafi, ya wuni bisa mota yana shan iska, ya kwanta da ɗan biredi da shayi a ciki, ba zai ji abin da mutum-mutumi ya ji ba. Ƙara digiri biyar a kan lambar farko ba tsoro ba ne, lissafi ne. Buhun da babu lambar ƙa'idar a jikinsa kuwa, abin da aka rubuta masa ra'ayin mai kamfani ne.

Har zuwa nan ƙanen ke da rinjaye. Amma Alhajin bai shekara ashirin a hanya a banza ba, kuma abubuwan da ya kawo ba a rubuta su a kowace takarda ba.

Na farko, ƙasa. Ya ce ɗarin hamada daga ƙasa yake cin mutum, ba daga sama ba, kuma ilimin Turawan ma ya yarda da shi. Gashin da mutum ya kwanta a kai ya matse, iskar cikinsa ta fita, ya zama ƙyalle biyu kawai tsakanin haƙarƙari da rairayi mai sanyi. Bargo mai kauri ko an danne shi yana da sauran jiki. Saboda haka buhun jika ɗari ba tare da shimfiɗa ba bai kai bargo da kwali ba. Tabarma ita kaɗai ba ta isa, sai an ɗora mata buzu, ko katifar soso, ko kwalaye biyu uku, waɗanda yaran mota suka daɗe da sanin amfaninsu.

Na biyu, wuta. Matafiyin arewa a bakin wuta yake kwana, ana dafa shayi har dare ya raba. Rigar buhun ta nailan ce mai sirantaka, tartsatsi guda ya ishe ta, kuma ramin da bai fi ƙwayar gero ba zai yi ta fitar da gashi har gida ya ƙare. Ƙaya da ƙarangiya ma haka. Bargo kuwa a ƙone shi a gefe, a yage shi, a ɗaure kaya da shi, a yi inuwa da shi da rana, a shimfiɗa wa baƙo, yana nan. Bargo yana rufe mutum uku. Buhu na mutum ɗaya ne, kuma Alhajin ya ce shi bai san yadda zai zuge kansa a ciki yaron motarsa na karkarwa a gefe ba. Wannan magana ba ta kimiyya ba ce, amma ba wanda ya amsa masa ita.

Na uku ya faɗe shi da wasa, ko da yake ba wasa ba ne. Buhun mai kyau yana da faɗi a kafaɗa, ya tsuke a ƙafa, da hula da ake tsukewa har sai hanci da baki kaɗai suka rage a waje. An yi haka ne domin jiki kada ya wahala wajen ɗumama filin banza, kuma Faransawa da kansu sarcophage suke ce wa wannan ɗinki, wato akwatin gawa. Alhajin ya ce shi ba zai shiga likkafani da ƙafarsa ba tun ba a kira shi ba. Bayan an gama dariya sai ya ƙara da cewa mutumin da ke kwana da kuɗin mutane a ƙugunsa yana son ya iya miƙewa tsaye cikin ƙiftawar ido, ba ya tsaya laluben zif a duhu ba. Duk wanda ya taɓa kwana a tasha ya san abin da yake nufi.

Akwai kuma wata tambaya da wani dattijo da ke zaune kusa ya jefo, wadda ba za a rasa mai yin ta ba a kowace kasuwa: gashin tsuntsun da ba a san wanda ya yanka shi ba, ana iya kwana a cikinsa a tashi a yi salla? Malaman Malikiyya sun daɗe da taɓa wannan. A cikin Muhtasar na Shehu Halil an lissafa ulu da gashi da lallausan gashin tsuntsu cikin abubuwa masu tsarki in an yanke su ne, hukuncin tsinken da ke shiga cikin fata kuwa dabam yake. Dattijon ya ce to ko a nan ma mai ƙarancin tsinke ya fi.

Aka rabu a kan haka: malamin ya sayi buhun, a kuɗin da bai kai na bargon ba, domin mai gwanjo ma da nauyi yake sa farashi. Sabon irinsa a Turai yakan kai yuro 300 ko fiye, wato kusan jika 200 na sefa. Alhajin kuma ya biya kuɗin bargon daga aljihunsa ya ce a haɗa masa da shi, ko ya so ko ya ƙi. A hanya sai ya zamana kowane ya sami aikinsa: bargon a ninke biyu a ƙasa, buhun a bisa, wuta kuma da nisan taku biyar. Da malamin ya isa wurin aikinsa ya sami wani amfanin da ba a ambata a kasuwa ba. Abokan aikinsa na shigar da kaskon gawayi ɗaki su rufe ƙofa da taga, al'adar da ke kashe mutane kowane hunturu, domin gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mai barci ya wuce bai farka ba. Shi bai bukaci kasko ba.

Alhajin har yanzu bai sayi nasa ba, kuma ga irin tafiyarsa, da mota tasa da yara da wuta kowane dare, babu dalilin da zai sa ya saya. Wanda ya kamata ya nema shi ne mai tafiya shi kaɗai da kaya kaɗan: ma'aikacin da ake turawa rangadi ƙauyuka, mai rigakafi, ɗalibi, ɗan kasuwar da ke bin motar haya. Wanda iyakarsa Kano ko Maraɗi kuwa ya bar wa mai bukata, domin a ɗarin kudu gumi zai yi ta yi a ciki, gumi kuma shi ne babban abokin gabar gashin. Laima ce ke kashe shi, ko ta ruwa ko ta jiki: in ya jiƙe sai ya dunƙule, ɗuminsa ya tafi har sai ya bushe sarai. Sa'ar da aka yi ita ce hunturun ƙasar nan busasshe ne. Abin da ya rage shi ne ƙura da man shafawa da kowa ke laftawa a wannan lokaci, kuma maganinsu a ɗinka wa buhun ƴar riga ta ciki da tsohon zane, wadda za a riƙa cirewa ana wankewa, a kuma kwanta da safa da hula busassu, kada a cusa hanci ciki ana numfashi. Wanki sai ya zama dole, da ruwa mai ɗumi da sabulu marar ƙarfi, ba murɗawa, a shanya a inuwa kwana biyu ko uku ana warware curin da hannu.

In ɗari ya wuce, kuskuren da aka fi yi shi ne a cusa shi a ƴar jakarsa a jefa ƙasan akwati har wata tara. Matsin da ya sha a dila ya ishe shi. A saka shi sakwa-sakwa cikin babban buhun yadi, a rataye a rufin ɗaki inda yoyon damina ba ya kaiwa, nesa da ɓera, wanda shi ma ya san darajar gashin agwagwa wajen yin sheƙa. Na malamin yana rataye haka a ɗakin mahaifiyarsu a Matamaye kowace damina, kusa da bargon.